Istar da Na Yi Ba Tafinta

Maigidana ya rasu ana saura 'yan kwanaki a shafa mana toka a goshi a coci, mu shiga azuminmu na Kirista. Muka kai shi gida, can kudancin Kaduna, aka binne shi kusa da mahaifinsa. Na zauna har aka gama karɓar gaisuwa, sannan na dawo Dutse ni kaɗai. 'Yata ta so in bi ta Kaduna, ɗana ya so in bi shi Abuja, na ce musu su bar ni tukuna. Gidanmu na Yalwawa da guminmu muka tsayar da shi. Akwai kaji, akwai masu sayen kunun zaƙina da suka saba da ƙofata, kuma ban ga yadda zan kulle ɗakinsa in tafi da wuri haka ba.

Azumin shekarar bai yi mini wuya ba. Lokaci ne da kowa a coci kansa ke sunkuye, ba kiɗa, ba Halleluya, sai na shige cikin jama'a ba wanda ya lura da ni. Ranar Lahadin dabino na karɓi ganyena kamar kowa. Sai da Ista ta zo na gane cewa ba miji kaɗai na rasa ba.

Ni ba na jin Turanci. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, na yi shi da goyo a bayana, kuma har yau da yatsa nake bin layi idan ina karanta Hausa. Cocinmu kuwa ƙarama ce, an haɗu daga ko'ina: 'yan kasuwa daga kudu, ma'aikata, masu bautar ƙasa, 'yan sanda da matansu, sai mu da muka fito daga tsakiyar ƙasa. Don haka da Turanci ake yin Mas, wato babbar sujadarmu, waƙar Hausa kawai ake jefawa nan da can. An taɓa gwada tafinta, aka ga ana daɗewa, aka bari. Addu'o'in ba su dame ni ba, bakina ya saba da su, na san inda ake tashi da inda ake durƙusawa. Amma da zarar Fada, limamin cocinmu, ya rufe littafin bishara ya fara wa'azi, ni dai sai kallo.

Shekara da shekaru hakan bai dame ni ba, domin ina da tafinta a gida. Akawu ne shi a wata ma'aikata, Turanci ya zauna masa. Idan mun dawo daga coci sai ya jingine mashin, ya cire takalmi da safa, ya shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida. Ni kuma in ɗauko kujerata 'yar tsugunno da tire, ina yankan kuɓewa ko ina tsinkar zogale. Kullum da magana ɗaya yake buɗewa.

“To, Fada ya ce a gaishe ki.”

In ce ina amsawa, sai ya fara. Na lokacin Ista sun fi kowanne daɗi a bakinsa, kuma da yake karatun kusan iri ɗaya ne kowace shekara, na haddace jerinsu. Ranar Ista kanta, labarin matan da suka yi sammako zuwa kabari ne, wai Fada ya ce mata aka fara yi wa albishir saboda maza suna can suna minshari. Lahadin da ke biye, manzon nan da ba ya nan lokacin da Ubangiji ya shigo wa 'yan'uwansa, wai cefane aka aike shi, don haka duk matar da ke son mijinta da alheri ta daina tura shi kasuwa. Sai mutum biyun nan da suka kama hanya cikin baƙin ciki, baƙo ya cim musu. A bakinsa daga Dutse suka tashi za su Shuwarin a ƙafa, rana ta take, kowa yana ganin laifin ɗan'uwansa. Ina dariya ina cewa ya ji tsoron Allah, shi kuwa ko murmushi ba ya yi. Amma ba raha ce zalla ba. Idan ya gama ba ni dariya sai ya rage murya, ya faɗi abin da zan yi mako ina juya shi a raina, ina dama kunu ina tunawa.

Daren Asabar, jajibirin Ista, da ake kunna sabuwar wuta a coci, ban je ba a shekarar, ba mai kai ni ya dawo da ni. Da safe na tafi. Rabin bencina babu kowa, domin yawancin mutanenmu gida suke tafiya yin Ista. Babban kyandir yana tsaye sabo fil a gefen bagadi. Fadanmu na lokacin saurayi ne daga kudu, bai daɗe da zuwa ba, mai fara'a, ba ya tsayawa wuri ɗaya idan yana wa'azi. Yakan sauko ya ratsa tsakanin benci, ya yi tambaya, a amsa masa, a yi dariya. Da na ga ana dariya ni ma na ɗan buɗe baki don kada in zama daban. Sunan Ubangiji na tsinta, da Halleluya, shi ke nan. Na dawo gida na dafa shinkafa da kaza kamar yadda aka saba, na aika wa maƙwabta, na zauna da tawa a gaba har ta huce.

Ba wai son sani ne ya dame ni ba. A wannan shekarar ina da mutum a cikin ƙasa, kuma wannan ne lokacin da coci ke magana a kan tashin matattu, Lahadi bayan Lahadi, har zuwa Fentikos, bikin saukowar Ruhu Mai Tsarki. Daga nan kuma a koma wasu zantukan sai baɗi. Ina so in ji abin da ake faɗa. Littafina na Hausa yana nan, nakan buɗe in bi da yatsa, amma karatu daban, wa'azi daban. Ina so mutum mai rai ya tsaya a gabana ya faɗa mini, in shiga ciki da kunnena. Tsorona kada lokacin ya wuce ban ji ko guda ɗaya ba.

Lahadi ta biyu na tari wata 'yar zumuntarmu ta mata a bakin ƙofa. Nas ce, mai kirki, ita ta kwana da ni a asibiti lokacin jinyarsa. Na tambaye ta me Fada ya ce. Ta ɗan yi tunani, ta gyara ɗankwali, ta ce ya ce mu ba da gaskiya ko ba mu gani ba. Na ce sai kuma me. Ta ce shi ne dai, sauran misalai ne. Mijinta yana ta danna mata hon a mota, na sake ta ta tafi. Mutum ya yi magana har rigarsa ta jiƙe da gumi, ni an ba ni a cikin cokali.

Lahadi ta uku na kira 'yata. Na san karatu ɗaya ake yi a ko'ina, na ce ta gaya mini abin da nasu Fadan ya faɗa. Ta ce wallahi Mama tana waje aka yi wa'azin, jaririn ne ya ƙi yin shiru. Ta gaya wa ƙaninta, shi kuma ya turo mini muryar wani Fada a waya, doguwa, ya ce ta yi kyau ƙwarai. Na danna, ashe ita ma Turanci ce. Ban gaya masa ba. Na ce na gode, Allah ya yi albarka.

Zafi ya yi zafi a makonnin nan. Duwatsun garin suna riƙe rana har bayan magariba, fanka ba ta juyawa sai an ga dama, kaji suna buɗe baki a ƙarƙashin randa. Maƙwabciyata, wata Hajiya da danginta ke kiwo a wajen Taura, takan aiko mini da nono idan an kawo mata. Wata Lahadi da kanta ta shigo da ƙwaryar, ta same ni zaune da kayan coci ban cire ba. Ta ce a da idan mun dawo har ɗakinta take jin dariyata. Na gaya mata abin da ake ciki. Ta riƙe haɓa, ta ce su ma da Larabci ake huɗuba, amma ai liman yana juya musu, ku ba a juya muku ne? Na ce mai juya mini ne ya tafi. Ta zauna tare da ni har na sha nonon.

Bayan Lahadin makiyayi mai kyau ne Baba Katikis ya zo gaishe ni. Dattijo ne mai koyar da addini, abokin maigidana tun zuwanmu garin. A da shi ke tsayawa gefen bagadi a cocinmu, amma a 'yan shekarun nan ƙauyuka ake tura shi ranar Lahadi, ya yi wa 'yan tsirarun da ke can addu'a. Na shimfiɗa masa tabarma, na kawo kunu mai sanyi. Muna cikin hirar mamaci sai na ce ina kewar wa'azin tsohon Fadanmu, mai farin gemun nan da ya koma garinsu, mutumin da ya san rayuwar talaka. Na kawo masa misalin manzon da aka aika cefane.

Baba Katikis ya sauke kofi daga bakinsa.

“Wa ya ce cefane ya tafi?”

“Fada mana.”

“Wane Fadan, Uwargida?”

“Mai gemun nan.”

Ya yi dariya har kunu ya sarƙe shi, sai da na ba shi ruwa. Da ya samu numfashi ya ce, “Mutumin da ya gama zamansa a garin nan bai san hanyar kasuwa ba? Wanda bai iya bambanta gero da dawa ba, shi zai san Shuwarin?”

Ya ce tsohon Fada malami ne na gaske, amma wa'azinsa irin na da ne. Yakan ɗauko abu ya kasa shi kashi-kashi, ya jawo maganar waliyyai na zamanin da, ya sa kalmomin da ko masu digiri sai sun tambaya. Ba ya wasa a bagadi, ko kusa. Abokina kuwa, in ji shi, Allah ya ba shi hutawa, daga inda nake tsaye ina ganinsa, rabin wa'azin gyangyaɗi yake yi.

Na ce ai ya gaya mini idan ya rufe ido ya fi ji.

“Haka ya ce miki? To, lalle ya ji da yawa.”

Na taya shi dariya, don abin da dariya. Amma da na raka shi ƙofa na dawo, sai na zauna a bakin rijiya ina ta jero abubuwan da nake riƙe da su a matsayin maganar bagadi. Akwai guda ɗaya da ta fi sauran. Mun taɓa rasa yaro, na biyunmu, sanƙarau ya ɗauke shi cikin irin wannan zafin, bai kai ga yaye ba. A Istar wannan shekarar maigidana ya dawo ya ce Fada ya ce ranar tashi ƙananan yara za a fara tayarwa, domin barcinsu ba shi da nauyi, kuma za su tsaya a bakin hanya suna jiran iyayensu mata. Da wannan maganar na tashi daga kwanciya. Da ita na ci gaba da dafa abinci, na haifi ƙaninsa, na tsufa. Yanzu ban san daga ina ta fito ba. Ban tambayi Baba Katikis ba, har yau kuma ban tambayi kowa ba.

Ban yi fushi da maigidana ba. Yaya za a yi fushi da mutumin da ya ga matarsa zaune a coci kamar baƙuwa, ya ƙi barinta ta koma gida hannu sake? Sai dai kaɗaicin ya ƙaru. A da ina ganin ƙofa ce aka rufe mini a wannan shekarar kawai. Yanzu na gane tun zuwana garin nan ban taɓa jin wa'azin cocina ba, muryar mutum ɗaya nake ji, ita ma ga ta ta tafi.

Lahadi biyu da suka biyo na je na zauna a wurina. Na daina buɗe baki idan ana dariya. Kyandir nake kallo, kullum yana raguwa, kakin yana taruwa a gindinsa. Ranar Alhamis ta hawan Ubangiji sama aka yi Mas da yamma, muna fitowa na ga Baba Katikis yana kwance kekensa daga jikin bishiya. Ya ce tun ranar nan abin yana damunsa, bai kamata ya yi dariya haka ba. Na ce babu komai. Ya ce Lahadi mai zuwa yana wani ƙauye a gefen Miga, da Hausa yake yi, idan zan iya wahalar hanya in zo. Ya gargaɗe ni cewa ba Mas ba ce, ba mawaƙa, ba fanka, kuma shi ba gwani ba ne.

Na yi sammako na zuba wa kaji ruwa, na bar wa Hajiya makulli. Na shiga motar Jahun, daga can na sake wata, sannan ɗan acaɓa ya ƙarasa da ni. Gonaki duk an share, an tara kara an ƙone, ƙasa fari fat tana jiran ruwa. A falon wani malamin firamare ake taruwa. An ture kujeru gefe, an shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur, an kafa ƙananan kyandir biyu a cikin murfin kwalba. Da malamin da matarsa, da wata ma'aikaciyar asibiti, da ɗan sanda ɗaya, da wani mai injin niƙa da iyalinsa, sai ni. Suka ba ni kujera mai hannu saboda ni ce babba.

Baba Katikis ya yi karatu, ya rufe littafi, ya cire tabarau. Bai ɗaga murya ba. Ya ce yau Lahadi ce da ba ta da suna mai girma, tana tsakanin biki biyu. Ubangiji ya riga ya hau, Ruhun da aka yi alkawari bai sauko ba tukuna. Ya ce mu tuna mutanen nan da aka bari a gari. Sun gan shi da rai, ba su da shakka, amma duk da haka ya tafi, ɗakin da suka koma babu shi a ciki. An ce su jira, ba a gaya musu ranar ba. Mahaifiyarsa ma tana cikinsu, ita da ta riga ta yi kukansa sau ɗaya, ga shi ta sake rabuwa da shi. Ya ce iyayenmu a bangaskiya sun koya mana cewa waɗannan kwanakin ba na banza ba ne, daga gare su aka samo addu'ar kwana tara da muke yi. Wanda ya gaskata da tashin matattu ba a hana shi kewa ba. Abin da aka roƙe shi kawai kada ya watse, ya zauna inda aka ce ya zauna, ya yi addu'a da waɗanda ya samu a ɗakin, ko su waye.

Daga nan ya shiga zancen masu zuwa a makare, da na yaran da ba a kawowa koyon addini, ya daɗe a kai har ɗan sandan ya fara duba agogo. Wani wurin ya maimaita kansa. Wani wurin ya manta abin da zai ce, ya tsaya yana shafa kai. Ni dai ban bar ko kalma ɗaya ta faɗi ƙasa ba. Har faɗan makarar na saurara kamar da ni ake. Da ya zo kan mahaifiyar nan hawaye suka zubo mini, ban share ba, matar malamin ta miƙo mini gefen mayafinta.

Bayan an tashi aka kawo ruwan randa da dafaffiyar gyaɗa. Baba Katikis ya rako ni bakin titi yana tura wani keke da yake ajiyewa a gidan malamin.

“Kin ji, Uwargida?”

“Na ji, Baba.”

“Duka?”

“Har da na masu makara.”

“To, yaya?”

Na gaya masa gaskiya. “Bai kai na abokinka daɗi ba.”

Ya yi dariya, ya ciro hankici ya goge fuska, ya daɗe yana gogewa. Ya ce ai ya sani, shi ya sa bai taɓa yarda su yi gasa ba. Sai ya ce mako mai zuwa duk za su shigo gari yin Fentikos da Fada, ba za a taru a nan ba, daga baya kuma wani ƙauyen za a tura shi, mai nisa, inda mota ba ta zuwa idan ruwa ya sauka. Na ce babu laifi, guda ɗaya nake nema dama, na kuwa samu.

Yana da mara lafiya da zai kai wa Jibin Ubangiji a wata unguwa, na ce ya tafi kada rana ta ƙara yi. Na zauna a kan wani kututture a gindin tsamiya ina jiran mota. Titin shiru, sai wani mai amalanke da ya wuce ya gaishe ni. Na fara maimaita wa'azin a hankali daga farkonsa, da bakina, don kada wani abu ya zube a hanya. Inda Baba ya manta ni ma na tsaya, sannan na ci gaba. Sai da na kai ƙarshe na sake komawa farko kafin motar Jahun ta ɓullo.